Filin Koyon Ingilishi: Kalmar “get” a kasuwa, a tasha da bakin iyaka

 Ina gaida na Sokode, daga Zango har Didawure. Ina gaida na Dapaong da Mango da Sinkase, da 'yan'uwanmu na tsallake, mutanen Bawku da Pusiga da Yendi. Wanda aiki ya hana shi kama shirin a rediyo, ga shi nan a rubuce. Ku nemo biro da takarda, don yau akwai abin rubutawa.

Kalma ɗaya tak za mu ɗauka a wannan mako, mai harafi uku: “get”. Ƙarama ce a ido, amma da wuya ka yi minti biyu kana sauraron mai jin Ingilishi ba ta fito daga bakinsa ba. Direba zai faɗe ta, ma'aikaciyar asibiti za ta faɗe ta, jami'in da ya tsare ka a shinge shi ma zai faɗe ta, kuma kowannensu da abin da yake nufi. Akwai inda rashin gane ta zai sa a yi maka dariya kawai, ka wuce abinka. Akwai kuma inda zai sa ka yi asarar kuɗin albasa mota guda. Za mu zo wurin.

Wani zai ce, mu da muke ƙasar Faransanci, ina ruwanmu da Ingilishi? Kun fi ni sanin amsa. Kakanninmu fatake sun bi hanyar goro daga Kano, ta Jugu, ta Sokode, har Salaga a ƙasar Gwanja, kuma da Hausa suka yi cinikinsu. Daga baya Turawa suka zo suka shata layi. Jamus ta riƙe ƙasar nan daga 1884, a 1914 Ingila da Faransa suka karɓe ta suka raba. Rabon Ingila, wanda Yendi ke ciki, ya haɗe da Gana bayan ƙuri'ar 1956, namu kuma ya samu 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu 1960. Shi ya sa yau za ka ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wannan a Sinkase yana cewa “bonjour”, wancan a Bawku yana cewa “good morning”.

Har gobe Hausa tana fid da kai a zango da kasuwar dabbobi da tashar mota. Amma takardar kwastan, waɗanda mu nan muke kira duwan, da rasit, da saƙon da ke shigowa waya daga Kumasi ko Legas, duk da Ingilishi suke zuwa. Ga shi kuma tun watan Yuni na 2022, a taron Kigali, Togo ta shiga Commonwealth, ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, ita da Gabon. Ƙannenmu suna karanta Ingilishi a kwaleji, suna cin jarrabawa lafiya lau. To amma ɗauki yaro mai BEPC ka ajiye shi a tashar Tamale, ka ga yadda zai yi tsuru-tsuru. Ingilishin littafi ya sani. Na tasha kuwa cike yake da ƙananan kalmomi irin wannan tamu ta yau.

Ku tuna da kalmarmu ta “ci”

Idan ka buɗe ƙamus na Ingilishi da Faransanci, abin da zai fara ba ka shi ne “get” daidai take da “obtenir”, wato samu. Bai yi ƙarya ba, sai dai ɗaki ɗaya ya nuna maka a gida mai ɗakuna da yawa.

Bari mu dawo gida tukuna. Tambayi Bahaushe ma'anar “ci”, zai ce maka ai sa abinci a baki ne. To wanda ya ci jarrabawa fa, takardar ya haɗiye? Wanda ya ci kasuwa, da wanda ya ci bashi, da wanda ya ci amana, da wanda ya ci sarauta, da yaron da ruwa ya ci a rafi, duk abinci ne? Baƙon da ya zo koyon Hausa ya haddace cewa “ci” shi ne “manger”, ranar da aka ce masa wane ya ci mutuncin wane, kansa zai ɗaure. Mu ba ya ɗaure mana kai, saboda tun muna goye kunnenmu ya saba jiran kalmar da ke biye kafin ya yanke ma'ana.

To haka “get” take. Kada ka tambayi ma'anarta ita kaɗai, dubi abin da ya biyo bayanta. Abu ne? Wuri ne? Hali ne? Ko wata 'yar ƙaramar kalma ce irin “on” da “off”? Wannan ita ce dabarar yau gaba ɗaya, saura misalai ne.

Kafin misalan, mu gyara baki. Wanda ya yi karatun Faransanci, da ya ga g da e a jere sai harshensa ya tafi wajen “je”, ya ce “jet”. Ita kuwa “jet” a Ingilishi jirgin sama ne. G ɗin nan irin ta “gero” da “gemu” ce: get. Abin da ya wuce “got”, abin da ake ciki “getting”, na gaba “will get”. A finafinan Amurka, har a bakin 'yan Nijeriya da yawa, za ku ji “gotten”. Kada ta firgita ku, 'yar gidan ce. Wurin tambaya da korewa kuma, da zarar “did” ta shigo sai kalmar ta koma yadda take: “Did you get?”, “I did not get”. Ba a cewa “Did you got”.

Idan abu ne ya biyo baya

Nan ne ƙamus ya yi gaskiya. Abu ya shigo hannunka, ko ta wace hanya: an ba ka, ka saya, ka ɗauko, ko ka samu.

“I got a job in Kumasi.” Na samu aiki a Kumasi.
“Did you get my message?” Ka samu saƙona?
“Where did you get these yams?” Ina ka samo doyar nan? Sai ka ce, “I got them in Bassar.” A Basar na sayo ta.
“Go and get the receipt from the car.” Je ka ɗauko rasit a mota.

Ciwo ma yana cikin wannan layi, amma a juye. Mu a Hausa ciwo ne ke kama mutum, mu ce zazzaɓin cizon sauro ya kama ta. Su kuma mutum ne ke samun ciwon: “She got malaria.” Idan ka je asibiti a Bawku ka ce “malaria caught her”, za su gane ka, amma za su san daga Hausa ka juyo ta.

Yanzu 'yan kasuwa, ku buɗe kunne da kyau, ga tagwaye masu kama da juna.

“How much did you get for the ram?”
“How much did you get the ram for?”

Kalmomin duk iri ɗaya ne, “for” ce kawai ta sauya mazauni. Na farko yana nufin nawa aka ba ka da ka sayar da ragon. Na biyu yana nufin nawa kai ka sayo shi. Ka ga idan mai saye ya jefo maka ta biyun a kasuwa, uwar kuɗinka yake tambaya, yana so ya san ribarka. Ba dole ne ka amsa ba. Ka yi murmushi ka ce, “Please, make your offer”, wato taya mana.

Idan wuri ne ya biyo baya

Nan “get” ta zama isa, ko kai wa wuri. Amma tana bukatar 'yar rakiya, ita ce “to”.

“What time do we get to Tamale?” Ƙarfe nawa za mu isa Tamale?
“We got to Bawku at four.” Mun isa Bawku ƙarfe huɗu.
“How do I get to the hospital?” Ta ina zan bi in kai asibiti?

A Hausa muna cewa na isa Tamale, babu komai tsakanin “isa” da “Tamale”. Wannan sabo ne ke sa mu zubar da “to” a hanya, mu ce “I got Tamale”, kamar an ɗauki garin kacokan an ba mu kyauta. Masu Faransanci ku tuna da “arriver à”. Yadda ba ku jefar da “à”, haka kada ku jefar da “to”.

Kalmomi uku ne ba sa son rakiyar: “home”, “here” da “there”. “Call me when you get home”, kira ni in ka isa gida. “When did you get here?”, yaushe ka iso? “We will get there before dark”, za mu isa kafin duhu. Ku rubuta ukun nan a gefe guda, su ne kullum ke yi wa ɗalibai ƙafar ungulu.

Idan hali ne ya biyo baya

Wannan ita ce wadda ƙamus ya fi ɓoye mana, ita ce kuma aka fi ji. Idan abin da ya biyo “get” siffa ce, wato yadda abu yake, to ana nufin abin ya sauya, ya bar wani hali ya shiga wani.

“It is getting dark.” Duhu ya fara yi.
“The tomatoes are getting soft.” Tumatir ya fara laushi.
“I got tired.” Na gaji.
“Get ready.” Shirya.
“Don't get angry.” Kada ka yi fushi.

Ku lura da bambancin “The tomatoes are soft” da “The tomatoes are getting soft”. Na farko, tumatir ya riga ya yi laushi, magana ta ƙare. Na biyu, yana kan hanya, akwai sauran dama. Mai kwandon tumatir hamsin a mota ya san tazarar da ke tsakanin jimlolin nan biyu, ta kai ribar mako guda.

A asibiti akwai biyu da nake so kowa ya haddace ko da bai riƙe komai ba yau. “He is getting better”, yana samun sauƙi. “He is getting worse”, jiki yana ƙara tsanani. Likita zai tambaye ki, Hajiya, “Is the child getting better or worse?” Amsarki ce za ta sa ya bar yaron a kan maganin da yake sha ko ya sauya masa. In kin rasa kalmar, kada kunya ta sa ki ce “yes” kawai. Nemi mai jin Hausa ya tsaya miki, ba a rasa su a asibitocin arewacin Gana.

A wannan layin ne kuma ake faɗin abin da ya faɗa wa mutum ko kaya.

“The truck got stuck.” Babbar mota ta kafe.
“The maize got wet.” Masara ta jiƙe.
“He got arrested.” An kama shi.
“We got paid on Friday.” An biya mu ranar Juma'a.
“She got married last year.” Ta yi aure bara.

Akwai wayo a cikin irin wannan jimla, ku gane shi. Idan direba ya ce maka “Two bags got lost”, daidai yake da namu na “buhu biyu sun ɓata”. Ka ji an ambaci wanda ya ɓatar? Babu. Buhu ne ya tashi da ƙafarsa ya ɓace. To kai mai kaya sai ka maido maganar kan mutum: “Who lost them? Where?” Wa ya ɓatar, a ina? Harshe ya bambanta, amma dabarar kauce wa laifi ɗaya ce ko'ina.

Ƙananan kalmomin tasha da shinge

Yanzu mu shiga mota. A nan “get” tana ɗaukar wata ƙaramar kalma, su biyun su haɗu su ba da ma'ana guda.

“Get in” shiga, “get out” fita. “Get on” hau, “get off” sauka. “Get up” tashi. Ƙaramar mota da tasi, “in” da “out of” ake yi musu: “Get in the car.” Bas da jirgi da babur da keke, har jaki, “on” da “off”: “Get on the bus”, “Get off the motorbike.” Dabarar tunawa ita ce, abin da za ka iya miƙewa tsaye a cikinsa ko ka hau bayansa, “on” ne. Wanda sai ka sunkuya ka shiga ka zauna, “in” ne. A Gana da Nijeriya za ku fi jin “get down” a wurin sauka daga kowace irin mota, kowa kuma zai gane ku da ita.

A wannan zamani da shingayen jami'an tsaro suka yi yawa a hanyoyin arewa, waɗannan kalmomi sun wuce na jarrabawa. Jami'i ya ce “Everybody get down”, kowa ya sauko. Ya ce “Get off the bike and push it”, sauka daga babur ka tura shi. Ya daka tsawa ya ce “Get back!”, ja da baya yake nufi, nan take, ba tare da gardama ba. Mutumin da bai gane ba ya ci gaba da matsowa yana murmushi, shi a ransa ladabi yake yi, jami'in kuma taurin kai yake gani. Allah ya kiyaye.

Ita “get back” ɗin fuska uku gare ta bayan ta tsawa. “When will you get back?”, yaushe za ka dawo? “I want to get my money back”, ina so a maido mini kuɗina. Sai kuma “I will get back to you”. Wannan ba alkawarin zuwa ba ne, kada ka shimfiɗa tabarma kana jira. Zan neme ka daga baya ke nan, kuma sau da yawa a ciniki ita ce irin tamu ta “bari in yi shawara”. Idan wani mai saye ya zo da kuɗi a hannu, sayar abinka.

Yaran mota, ga taku. “Get out” ita kaɗai, babu komai gabanta babu komai bayanta, kora ce, irin “fice mini daga nan”. Kada ka buɗe wa uwar wani ƙofa a Pusiga ka ce mata “Get out”, kana tsammanin ka ce Hajiya an iso. Ce mata, “Madam, please, you can get down here.” Kalmomi kaɗan ka ƙara, ka tsira da mutuncinka.

Inda kuɗi ke salwanta

To jama'a, mun iso wurin da na ce za mu zo. “Get” tana kuma nufin ganewa. “Do you get it?” Ka gane? “I get it”, ko “I got it”, na gane. “I don't get you”, ban fahimce ka ba. Kun ga matsalar ko? “I got it” tana iya zama na gane, tana iya zama na karɓa. Ita 'yar “it” ɗin nan ba ta faɗin ko mene ne.

A ce kai dillalin albasa ne a Sinkase. Ka loda wa wani mai saye kaya zuwa Kumasi, da saura sidi 5,000 a kansa. Da dare saƙo ya shigo wayarka: “I have sent the balance. Check your MoMo.” Wato na turo cikon, duba MoMo ɗinka. Kana cikin hidima, ba ka duba ba, ka amsa masa: “OK, I got it.” A ranka cewa ka yi na ga saƙonka. Da safe ka duba, babu ko sisi. Wataƙila ya kuskure lamba, wataƙila ma bai tura ba. Ka kira shi, ya ce ai kai da hannunka ka rubuta ka karɓa. Ku je gaban sarkin zango, ku je gaban 'yan sanda, abin da za a karanta a wayar shi ne “I got it”, kuma duk mai jin Ingilishi zai ce kuɗin kake nufi, tunda maganar kuɗi ake yi. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta.

Maganin abin ba shi da wuya. In dai kuɗi ne ko kaya, kori “it”, ka kira abin da sunansa.

“I got your message, but I have not got the money yet.” Na ga saƙonka, amma kuɗi ba su shigo ba tukuna.
“I have received 5,000 cedis. Thank you.” Na karɓi sidi 5,000, na gode.
“I understand.” Na fahimta. Wannan ba ta da fuska biyu.

In kuma kai ne mai turawa, ta MoMo ne ko ta Flooz, kada ka tambaya da “Did you get it?” Ce masa, “How much did you receive?” Nawa ka karɓa? Dole ya rubuta adadi, adadin nan kuwa shi ne shaidarka. Kuma ko wane irin saƙo ka gani, buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin da idonka kafin ka amsa.

Akwai wani abin da ke ƙara dagula lissafi, shi ne Turancin Buroka, wanda ake ji a tashoshin Gana da Nijeriya. Harshe ne mai ƙa'idarsa, ba abin rainawa ba ne, kuma yana biyan bukata. Sai dai a Buroka “get” tana nufin mallaka. “I get money”, ina da kuɗi. “You get change?”, kana da canji? “I no get”, ba ni da shi. A Ingilishin makaranta kuwa “I get money” na nufin ina samun kuɗi a kai a kai, kamar mai albashi. In kana so ka ce kana da abu, sai ka ce “I have”, ko “I have got”, wadda ake taƙaitawa “I've got”. “I've got two brothers in Yendi”, ina da 'yan'uwa biyu a Yendi. Don haka idan wani ya rubuto maka “I get the money”, tsaya ka tantance: kuɗin suna hannunsa ne yake nufi, ko ya karɓa ne, ko zai je ya karɓo? Matambayi ba ya ɓata.

Saura guda a wannan layi. “I've got to go” na nufin dole in tafi. “You've got to pay” dole ka biya. Ga “to” nan kamar ta wuri, amma dubi abin da ya biyo ta. In sunan gari ne, isa ake nufi. In aiki ne, kamar tafiya ko biya, dole ake nufi. Kun ga mun sake komawa kan dabararmu ta farko.

Ladabi da takarda

“Get me water” daidai take da “kai, kawo mini ruwa”. Ƙanenka za ka gaya wa haka. Babba, ko baƙo, ko jami'i, sai ka sassauta: “Please, could you get me some water?” A bakin iyaka, bayan an gama duba katinka: “Please, officer, can I get my card back?” Yallaɓai, ko zan iya karɓar katina? Yadda ba ka tunkarar dattijo a Didawure babu sallama, haka ba ka tunkarar na tsallake babu “please”.

Idan za ka sa wani aiki kuma, ga yadda take: “I will get the driver to call you”, zan sa direba ya kira ka. “I got the tyre repaired”, na kai taya an gyara. Ba kai ka gyara da hannunka ba, sa wa ka yi aka yi.

A takardar neman aiki ko wasiƙar ofis, “get” takan koma gefe, manyan yayyenta su fito: “receive” a wurin karɓa, “arrive” a wurin isa, “become” a wurin zama, “obtain” a wurin samu. Masu Faransanci, nan kun ci riba, don “recevoir” da “arriver” da “obtenir” duk kun san su tun aji ɗaya. Abin da ya rage muku shi ne na baka.

Bari mu haɗa su duka a zance guda. Wata Hajiya ce daga Dapaong ta shiga motar Tamale a Bawku, tana magana da direba.

Hajiya: “Driver, please, what time do we get to Tamale?” Direba, don Allah ƙarfe nawa za mu isa Tamale?
Direba: “Before it gets dark, Hajia, if we don't get stuck on the road.” Kafin duhu, Hajiya, in ba mu maƙale a hanya ba.
Hajiya: “I've got to get off at the hospital. My son is there.” Dole in sauka a asibiti, ɗana yana can.
Direba: “Sorry, Hajia. Is he getting better?” Sannu Hajiya, yana samun sauƙi?
Hajiya: “Yes, thank God. Did you get the money for my load?” E, alhamdu lillahi. Ka karɓi kuɗin kayana?
Direba: “I got twenty cedis from your boy.” Na karɓi sidi ashirin a hannun yaronki.

Ku ƙirga sau nawa kalmar ta fito, ku ga ko akwai wadda ta gagare ku. Ku lura kuma direban nan ya yi abin da muka ce, ya faɗi adadi.

Aikin gida

Ga jimloli biyar, ku juya su zuwa Ingilishi, kowace da “get” ko “got” a ciki. Ɗaya: Yaushe ka isa Sokode? Biyu: Ruwa ya fara sanyi. Uku: Don Allah zan sauka a kasuwa. Huɗu: Na ga saƙonka amma kayan ba su iso ba. Biyar: Nawa ka sayi babur ɗin nan a Sinkase? Ta biyar ɗin, ku tuna da tagwayen rago kafin ku ajiye “for”.

Kada ku tsaya a rubutu. Faɗa wa ƙanenka ɗan kwaleji da baki, shi ya gyara maka harafi, kai ka gaya masa inda ake faɗinta a tasha. Wanda ke da ɗan'uwa a tsallake, ya kira shi yau da dare ya gwada jimla biyu a kansa. In ya yi dariya, ku yi tare, gobe ba zai yi ba.

Ku aiko da amsoshinku ta hanyar da kuka saba, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Mako mai zuwa kuma kalmar “take” za mu ɗauka, mu ji dalilin da ya sa mu muke shan magani, su kuwa ɗaukarsa suke yi. Kafin nan, matafiya Allah ya kai ku lafiya, 'yan kasuwa Allah ya ba da sa'a, marasa lafiya na gida da na asibiti Allah ya ba su sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.